Ƙarar fankar kwamfuta

Ƙarar fankar kwamfuta ita ce sautin da ƙananan fankokin da ke cikin kwamfuta suke fitarwa yayin da suke juyawa domin korar zafi daga cikinta. Kusan kowace kwamfutar tebur da mafi yawan laftof suna da fanka ɗaya ko fiye, kuma ɗan hucin da suke yi ba matsala ba ne. Ana fara ɗaukar ƙarar a matsayin matsala idan ta yi yawa har ta hana karatu ko barci, ko ta riƙa shiga cikin muryar da ake naɗa, ko ta sauya daga huci ta koma gurnani da ƙarar gogayya.

A wurare masu zafi da ƙura, irin su Zuru da ke kudu maso gabashin jihar Kebbi, mafi yawan ƙarar tana faruwa ne saboda hanyar iska ta toshe, ko zafin ɗaki ya yi yawa, sai fanka ta ƙara gudu domin ta cika aikinta. Saboda haka hanyoyin rage ƙarar da suka fi amfani su ne kuma suka fi araha: share ƙura, gyara wurin da ake ɗora kwamfuta, sabunta man da ke isar da zafi, da rage aikin da ake ɗora wa na'urar. Sayen sabuwar fanka yakan zo ne daga ƙarshe.

Asalin kalmar

Ana danganta kalmar "fanka" da punkah, sunan da Turawan Ingila suka aro daga harshen Hindi domin wani babban mafici da ake ratayewa a rufin ɗaki, ana jan sa da igiya. Sauya harafin p zuwa f abu ne da Hausa ta saba yi wa kalmomin aro, kamar yadda ya faru a fensir da fenti da fakiti. Da fankar lantarki ta zo sai ta gaji sunan, daga baya kuma ya sauka a kan 'yar ƙaramar da ke cikin kwamfuta.

Hausa tana da kalmomin amsa-kama masu yawa na kwatanta sauti, kuma suna da amfani a shagon gyara fiye da yadda ake zato. Wanda ya ce laftof ɗinsa tana yin "fuuu" yana bayanin iska ce mai gudu, wato zafi ko ƙura. Wanda ya ce tana yin "ƙrrr" ko "ƙyas-ƙyas" yana bayanin abu ne da ke gogar wani, wato boris ya ci, ko wata waya tana taɓa fikafikan fanka. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan fara gane matsalar tun daga kalmar da mai kwamfuta ya zaɓa.

Abin da ya sa kwamfuta ke buƙatar fanka

Kusan duk wutar lantarkin da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Inda zafin ya fi taruwa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CPU, sai katin hoto, sai akwatin wutar da masu gyara ke kira fawa-fak. Ƙwaƙwalwar laftof ta ofis takan fitar da zafin wat 15 zuwa 45, ta kwamfutar tebur kuma wat 65 ko fiye, duka a kan fili da bai wuce faɗin farcen babban yatsa da yawa ba. Idan ba a kwashe zafin nan take ba, cikin daƙiƙu kaɗan za ta kai iyakar da aka tsara mata, wadda a yawancin ƙirar kamfanonin Intel da AMD take tsakanin digiri 95 zuwa 105 a ma'aunin Selsiyos.

Ana kwashe zafin ne mataki-mataki. A kan CPU ana ɗaure wani ƙarfen alminiyom ko jan ƙarfe mai siraran haƙarƙari, wanda ke shan zafin ya baza shi. A tsakaninsu ana shafa wani mai mai kauri domin cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. A laftof, inda babu wuri, wani siririn bututun jan ƙarfe mai ɗan ruwa a ciki ne ke ɗaukar zafin zuwa haƙarƙarin da ke bakin mafitar iska. Aikin fanka shi ne ta hura iska ta tsakanin haƙarƙarin. Wani ma'aunin zafi da ke cikin CPU yana sanar da babban allon kwamfuta halin da ake ciki, shi kuma ya ƙara wa fanka gudu ko ya rage. Idan duk da haka zafin bai sauka ba, CPU za ta rage saurin aikinta da kanta, idan ya ci gaba da hawa kuma kwamfutar ta kashe kanta. Shi ya sa ƙarar fanka da nauyin aiki da mutuwar kwamfuta ba zato sukan zo tare, domin tushensu ɗaya ne.

Inda ƙarar ke fitowa

Kashi mafi girma na ƙarar daga iska yake. Fikafikan fanka suna yanka iska, iskar kuma tana karo da ragar ƙarfe da haƙarƙari da wayoyi. Akwai kuma wani amo na daban da ke fitowa duk lokacin da fiffike ya wuce gaban abin da ke tsaye: fanka mai fikafikai 7 da ke juyi 3,000 a minti ɗaya tana kaɗa iska sau 350 a daƙiƙa, kunne kuma yana jin wannan kamar doguwar murya ɗaya. Ƙananan fankokin laftof suna gudu sosai, wasu har su wuce juyi 5,000 a minti, sautinsu kuma siriri ne. Kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama siririn sauti, don haka laftof takan fi damun mutum ko da ma'auni bai nuna ta fi kwamfutar tebur ƙara ba.

Na biyu shi ne abin da sandar fanka ke juyawa a cikinsa. Fankoki masu araha suna amfani da bushin da aka jiƙa da mai. Suna da shiru idan sababbi ne, amma zafi yana busar da man, ƙura kuma tana cinye bushin ɗin. Masu boris sun fi jure zafi, sai dai suna da ɗan sauti tun suna sababbi. Akwai kuma masu tsada da sandarsu ke yawo a kan mai a rufe, waɗanda suka fi daɗewa. Na uku shi ne girgiza: fankar da ƙura ta daskare a gefe ɗaya na fikafikanta takan rasa daidaito, girgizar ta bi noti ta shiga jikin akwati, akwatin kuma ya ƙara ta kamar yadda ƙwarya ke ƙara sautin goge.

Ana auna sauti da desibel. Raɗa tana kusa da desibel 30, hira ta yau da kullum kusa da 60. Ma'aunin ba ya tafiya kamar ƙirgen kuɗi: ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu, kuma fankoki biyu iri ɗaya idan suka haɗu desibel 3 kawai suke ƙarawa a kan na ɗaya. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1999 ta ba da shawarar kada hayaniyar cikin aji ta wuce desibel 35 lokacin darasi, ta ɗakin kwana kuma 30. Fankar kwamfutar gida ba ta kai matakin desibel 85 da ake fargabar yana lalata ji idan an daɗe a cikinsa ba. Illarta ita ce gajiya da raba hankali.

Akwai wata ƙa'ida da injiniyoyi ke amfani da ita wadda kusan duk dabarun rage ƙara suka dogara a kanta. Yawan iskar da fanka ke turawa yana raguwa daidai da yadda aka rage gudunta, amma ƙararta tana faɗuwa da sauri fiye da haka. Idan aka rage gudun da rabi, ƙarar takan sauka da kimanin desibel 15. Idan aka rage kashi ɗaya cikin biyar kawai, takan sauka da kusan 5. Abin da ake nema ke nan: a sa kwamfuta cikin halin da fanka za ta iya yin aikinta ba tare da ta yi gudu ba.

Taƙaitaccen tarihi

Kwamfutar IBM PC ta 1981 tana da fanka ɗaya ce a cikin akwatin wutarta. Kamfanin Apple ya daɗe yana guje wa fanka saboda Steve Jobs ba ya son ƙararta: Apple II ta 1977 ba ta da ita, haka Apple III ta 1980, wadda ta yi suna wajen matsalar zafi, haka Macintosh ta farko a 1984. Sai a 1987 aka saka fanka a Macintosh SE. Bayan fitowar Pentium a 1993, ɗora fanka a kan CPU ya zama ruwan dare, zafin kuma ya ci gaba da hawa har wasu nau'o'in Pentium 4 na 2004 suka kai wat 115. A 2003 katin hoto na GeForce FX 5800 Ultra ya zama abin ba'a saboda ƙararsa, har ana kwatanta shi da injin zuƙar shara. A wannan zamanin ne kasuwar kayan sanyaya kwamfuta marasa hayaniya ta buɗe, da kamfanoni irin su Zalman na Koriya ta Kudu da Noctua na Ostiriya, wanda aka kafa a 2005. A 2020 Apple ya fitar da MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1 ba tare da fanka ba ko ɗaya, amma farashinta ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai a Najeriya.

Halin da ake ciki a Zuru

Zuru ita ce hedikwatar masarautar da ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba. A garin ne Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya take, wadda aka kafa a 2020 a mazaunin tsohuwar kwalejin aikin gona. Ɗalibai da malamai da ma'aikata da masu shagunan buga takardu da na rajistar jarrabawa su ne manyan masu amfani da kwamfuta, kuma tun da hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta a 2015, buƙatar koyon ta ta ƙaru a ko'ina cikin ƙasar. Kwamfutocin da suka fi shiga hannun ɗalibi a Arewa na hannu ne, tokumbo, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda ke biyowa ta kasuwannin Legas kamar Computer Village da ke Ikeja, ko ta Kano. Kafin su iso sun riga sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai ko Amurka, man da ke kan ƙwaƙwalwarsu ya bushe, bushin fankarsu ya fara ci.

Abu na farko da ke jiran su shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, ga kuma jar ƙurar hanyoyin da ba su da kwalta. Fanka ba ta tace abin da take zuƙa. Ƙurar tana haɗuwa da zaren tufafi da gashi ta zama wani abu kamar auduga, ta manne a bayan haƙarƙarin da ke bakin mafitar iska, inda ba a ganinta daga waje. Laftof za ta yi ta huci amma in aka kai hannu bakin mafitar sai a ji iskar da ke fita kaɗan ce.

Abu na biyu shi ne zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a yankin yakan kusanci digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano ba sili kuma yakan wuce haka. Yawancin kamfanonin laftof sun rubuta a takardar bayanin kayansu cewa digiri 35 ne iyakar zafin wurin da za a yi aiki da su. Lissafin ba shi da wuya: fanka da iskar ɗaki take sanyaya CPU, don haka in ɗaki ya fi wani zafi da digiri 15, CPU ma za ta fi zafi da kusan haka a kan aiki iri ɗaya. Laftof ɗin da ta yi shiru a ofis mai na'urar sanyi a Landan za ta yi huci a Zuru ko da babu abin da ya lalace a jikinta. Jerin lokutan ma bai yi wa kwamfuta daɗi ba, domin hunturu ne ke cika ta da ƙura, bazara ta biyo baya nan take ta same ta a toshe. Ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris shi ne lokacin da ya fi dacewa da shara.

Yanayin wutar lantarki yana da nasa rabon. Idan aka kawo wuta bayan dogon ɗaukewa, ko aka tayar da janareto, laftof tana cajin batirin da ya ƙare, a lokaci guda kuma tana komawa tsarin cikakken ƙarfi, mai ita kuma yana sauri ya gama duk aikin da ya tara. Wannan ne lokacin da fanka ta fi ihu. A shagon da ke da kwamfutoci goma iri ɗaya, ƙararsu a haɗe ta fi ta guda ɗaya da kimanin desibel 10.

Hanyoyin rage ƙarar da kuɗi kaɗan

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ana fara duba ko wani aiki ne ke cin ƙarfin kwamfutar. A manhajar Windows, Task Manager yana nuna abin da ke amfani da CPU. Sau da yawa akan tarar da shafukan intanet masu yawa a buɗe, ko sabuntawar Windows, ko manhajar riga-kafi biyu da ke aiki tare. Manhajojin sata da ake kwafa daga filashi zuwa filashi wani lokaci suna zuwa da ɓoyayyen shiri mai haƙar kuɗin kirifto, wanda ke riƙe CPU a kan cikakken aiki ko da ba a taɓa komai. Ƙananan manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp suna nuna zafin CPU. In ana ganin digiri 80 ko fiye alhali ba a aikin komai, matsalar a hanyar fitar zafi take.

Daga nan sai wurin ajiyewa, wanda ba ya cin ko kwabo. Yawancin laftof ta ƙasa suke shaƙar iska, don haka katifa da filo da darduma da cinya duk suna toshe su. Faifan katako ko tire ya wadatar. Ɗaga bayanta da murafen gora biyu ko wani littafi, ba tare da an rufe ramukan iska ba, yakan rage zafi a bayyane. Faifan sanyaya mai fanka da ake sayarwa yana taimakawa, amma rabin amfaninsa daga ɗagawar ne, kuma shi ma yana da tasa ƙarar. Kwamfutar tebur da aka ajiye a ƙasa ta fi shan ƙura, wadda aka cusa cikin rufaffen kabad kuma iskar da ta fitar take sake shaƙa.

Shara ita ce ta fi komai tasiri. Ana kashe kwamfuta, a zare waya, a cire batiri in mai fita ne, a taɓa wani ƙarfe domin sauke wutar da ke taruwa a jiki, wadda ta fi yawa a busasshiyar iskar hunturu. Ana amfani da buroshin fenti mai laushi ko tsohon buroshin haƙori da ya bushe, da buluwa irin ta masu gyara. Dole a riƙe fikafikan da yatsa ko tsinke yayin hurawa, domin iska mai ƙarfi takan juya fanka fiye da gudun da aka ƙera ta da shi ta lalata bushin. Injin iskar masu faci ya yi ƙarfi da yawa, kuma yakan feso ruwa da mai. Hurawa daga waje kaɗai a laftof sau da yawa tura audugar ƙurar take yi cikin fanka. Abin da ke aiki shi ne a buɗe murfin ƙasa, a ɗaga fankar, a zare audugar da hannu. A tsofaffin EliteBook da Latitude da yawa wannan aikin noti kaɗan ne. A wasu laftof masu araha kuwa sai an cire allon rubutu da babban allo kafin a kai ga fanka, kuma a nan kuɗin mai gyara ya fi sauƙi a kan kuɗin siririyar wayar da za a iya tsinkawa.

In an riga an buɗe, yana da kyau a sabunta man da ke tsakanin CPU da ƙarfen shan zafi, wanda ake sayarwa a cikin ƙaramin sirinji da sunan thermal paste. Ana goge tsohon da ƙyalle marar gashi da ɗan sifirit, a bari ya bushe, a ɗiga sabon kamar ƙwayar wake a kan ta kwamfutar tebur, ƙasa da haka a kan ta laftof, sannan a ɗaure notocin kaɗan-kaɗan bisa lambobin da ke jikinsu. Sirinji ɗaya yana isar kwamfutoci da dama, don haka ɗalibai za su iya haɗa kuɗi su saya. Man goge baki da wasu ke shafawa yana bushewa cikin kwanaki, zafin ya dawo fiye da da.

Akwai saituna da ke rage ƙara nan take. A tsarin wutar Windows, in aka mayar da iyakar ƙarfin CPU daga kashi 100 zuwa 99, kwamfutoci da yawa suna daina hawa gudun gaggawar da Intel ke kira Turbo Boost, wanda shi ne ke haifar da mafi yawan zafi. Mai rubutu da karatu da kallon bidiyo da wuya ya lura da bambanci, mai haɗa bidiyo kuwa zai lura. A BIOS na laftof ɗin HP da yawa akwai zaɓin da ke sa fanka ta yi ta juyawa muddin ana kan caji, kuma ana iya kashe shi. Allunan kwamfutar tebur suna da tsarin daidaita gudun fanka da zafi, kamar Q-Fan na ASUS da Smart Fan na Gigabyte. A wuri mai zafi, zaɓin "shiru" da kamfani ya tsara yakan bar zafi ya hau da yawa, saboda haka ana duba ma'aunin zafi na 'yan kwanaki bayan kowane sauyi, musamman da tsakar rana.

Fankar da ke gurnani saboda bushewa ana iya ba ta mai. A bayan yawancin fankokin kwamfutar tebur akwai takarda mai manne, a ƙarƙashinta wani lokaci da ɗan murfin roba. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa, sannan a rufe. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, domin suna yin danƙo su kama ƙura. Wannan gyara yana sayen lokaci ne kawai, watanni ko shekara, kuma in sandar tana rawa idan an taɓa ta, bushin ya riga ya ci.

Girgiza kuma ana maganinta da roba. Ƙananan yankan tsohon tiyub ɗin babur da aka sa tsakanin fanka da jikin akwati suna yin aikin da robobin kanti ke yi. Ana ɗaure wayoyin da ke lilo, a ƙara matse murfin gefe. Domin rage shigar ƙura, ana iya shimfiɗa yankin ragar gidan sauro a bakin mashigar iska, amma sai ana wanke ta a kai a kai, in ba haka ba ita ce za ta zama toshiyar. In iskar da fankoki ke shigarwa ta ɗan fi wadda suke fitarwa, ƙura ba ta samun shiga ta ramukan da ba su da raga.

Idan sauyawa ta zama dole, babbar fanka mai tafiya a hankali ta fi ƙarama mai gudu. Ana samun su a girman milimita 80 da 92 da 120 da 140, kuma fuskar mai 120 ta ninka ta mai 80 fiye da sau biyu. Mai waya huɗu ta fi sauƙin sarrafawa, domin waya ta huɗun ce ke karɓar umarnin gudu. Fankokin da aka ciro daga matattun kwamfutoci suna da araha a shagunan gyara. Sai dai wasu kwamfutocin Dell suna da tasu mahaɗa mai ramuka biyar, fankar laftof kuma sai ta ainihin samfurin, don haka akan tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. Tsohuwar dabarar masu kwamfutar tebur ita ce haɗa fanka tsakanin wayar rawaya mai volt 12 da ja mai volt 5 domin ta sami 7, ta rage gudu. Dabarar tana aiki a fankar akwati, amma wasu fankokin ba sa tashi da wutar da ta yi ƙasa haka, kuma ba a yi wa fankar CPU.

Kurakurai da sautukan da ba na fanka ba

Kuskure mafi tsada shi ne cire wayar fanka ko tare ta da tsinke don a sami shiru. Kwamfutocin zamani sukan kare CPU ta hanyar kashe kansu, amma batiri da faifan ajiya da sauran kayan da ke kewaye suna ci gaba da gasuwa. Lulluɓe kwamfuta da zane saboda ƙura yana da kyau idan a kashe take kawai. Sa laftof a firiji ko ɗora mata ƙanƙara yana tara raɓa a kan babban allo. Fawa-fak kuwa ba wurin koyon gyara ba ne, domin wasu kayan cikinsa suna riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare waya.

Ba kowane sauti ne na fanka ba. Tsohon faifan ajiya mai juyawa, wanda ke juyi 5,400 ko 7,200 a minti, yana da nasa hucin, kuma in ya fara "ƙas-ƙas" a jere alama ce ta a kwashe bayanai da gaggawa. Sauya shi da SSD, wanda ba shi da abin da ke motsi, yana kawar da wannan sautin gaba ɗaya. Siririn tsiwa da ke sauyawa idan an motsa linzami daga kayan wutar allo yake fitowa, shara ba ta maganinsa. Na'urar UPS da inbata ma suna da nasu fankokin, waɗanda ke tashi daidai lokacin da aka ɗauke wuta.

Fankar da ta saba ƙara sannan ta yi tsit rana ɗaya, jikin kwamfutar kuma yana ƙara zafi, mai yiwuwa ta tsaya ne. Laftof ɗin HP sukan nuna saƙo mai lamba 90B idan an kunna su a wannan hali, ThinkPad kuma takan rubuta Fan error ta ƙi ci gaba da tashi har sai an gyara fankar ko an sauya ta.